Yadda ake bin sawun kalmar Jamusanci zuwa asalinta: mu gwada da kalmar Zaun

Bajamushe in ya ce Zaun, shinge yake nufi. Mutumin Holan in ya ce tuin, lambun bayan gidansa yake nufi. Baturen Ingila kuwa in ya ce town, gari yake nufi sukutum, da kasuwarsa da titunansa. Kalma ɗaya ce ta rabu gida uku, kuma ba na so ka yarda don kawai na faɗa. Akwai hanyar da za ka bi ka tabbatar da kanka. Na daɗe ina wannan aiki, da farko don in riƙe kalmomin Jamusanci da ke zille mini, daga baya kuma don masu koyo da nake taimaka wa. Abin da na gani shi ne, kalmar da ka san danginta da wuya ta sake ɓace maka. Zan bi da kai mataki-mataki da wannan kalma ɗaya, har ka iya ɗaukar wata ka yi mata haka.

Kayan aiki

Abu na farko littafin rubutu ne da biro. Ka ware shafi guda ga kowace kalma, ka ja layuka huɗu daga sama zuwa ƙasa: harshe, siffar kalma, zamani, ma'ana. Kada ka raina wannan. Wanda ke bincike a waya kaɗai, yana tsalle daga shafi zuwa shafi, kafin awa guda ya manta wace siffa ce ta tsohon Ingilishi, wace ce ta tsohon Jamusanci.

Na biyu, ƙamus na asalin kalmomi. Wanda na fi dogara da shi kullum shi ne na Wolfgang Pfeifer, wanda ya fara fitowa a 1989, kuma yanzu yana nan kyauta a shafin DWDS na cibiyar kimiyya ta Berlin da Brandenburg. Ka rubuta kalmar, ka gangara zuwa inda aka sa Etymologie. Akwai kuma na Friedrich Kluge, wanda aka fara bugawa a 1883, bugu na 25 ya fito a 2011. Shi sai a ɗakin karatu ko ka saya. Idan kana son ganin yadda marubutan dā suka yi amfani da kalma, sai babban ƙamus na Jacob da Wilhelm Grimm, wanda kundinsa na farko ya fito a 1854 amma ba a kammala shi ba sai 1961. Yana shafin Wörterbuchnetz na jami'ar Trier, tare da ƙamus na Matthias Lexer na Jamusancin tsakiyar zamani.

Na uku, ƙamus na harsunan dangi. Don Holanci akwai shafin etymologiebank. Don tsohon Ingilishi akwai na Bosworth da Toller, shi ma kyauta a intanet. Wiktionary yana da amfani wajen ganin dangin kalma a jere cikin sauri, amma kowa na iya gyara shi, don haka duk abin da ka samu a can ka tabbatar da shi a wani wuri kafin ka rubuta.

Na huɗu, ka saita allon rubutun wayarka ya iya buga ä, ö, ü da ß. Idan ya ƙi, ka buga ae, oe, ue da ss, yawancin shafukan Jamus suna ganewa.

Idan Jamusancinka bai kai ka karanta bayanin Pfeifer ba tukuna, kada wannan ya tsayar da kai. Abin da ka fi bukata a ciki gajerun alamomi ne, kuma ba su da yawa: ahd. tsohon Jamusanci, mhd. na tsakiya, nhd. na yanzu, mnd. Jamusancin arewa na tsakiyar zamani, nl. Holanci, aengl. tsohon Ingilishi, anord. tsohon harshen mutanen Sikandinabiya, got. harshen Got, wani tsohon ɗan'uwan Jamusanci da ya mutu, Jh. kuma ƙarni. Ka kwafe su a bangon littafinka.

Mataki na 1: Ka tsayar da kalmar a Jamusancin yau

Kafin ka nemi kakan mutum, sai ka san shi kansa. Rubuta kalmar da jinsinta da jam'inta: der Zaun, namiji, jam'i die Zäune. Rubuta ma'anarta: abin da aka kewaye fili da shi, na katako ko na waya ko na itace, wato shinge ko danga ko darni. Katangar bulo ko ta dutse sunanta daban, Mauer.

Sannan furuci, kuma a nan Bahaushe ya fi yawan tuntuɓe. Harafin z na Jamusanci ba z ɗinmu na zuma da zabo ba ne. Ana furta shi kusa da ts ɗinmu na tsuntsu, sai dai babu tsukewar maƙogwaro. Don haka Zaun ana cewa tsaun ne. Ka saurari furucin a ƙamus har sau uku. Duk aikin da ke gaba a kan sauti yake tafiya, kuma wanda ya riƙe z a kunnensa zai ɓace tun daga bakin ƙofa.

Ka ƙara da karin magana biyu ko uku da kalmar ke ciki, domin tsohuwar ma'ana takan maƙale a nan. Jamusawa na cewa einen Streit vom Zaun brechen, wato mutum ya ɓalle faɗa daga jikin shinge, ya ja rigima ba gaira ba dalili, kamar wanda ya zare sanda daga dangar da ke kusa. Wannan ya nuna maka shingen da ake nufi tun asali na itace ne.

Mataki na 2: Ka tuɓe mata kaya

Jamusanci harshe ne mai son liƙa kalmomi da juna. Idan kalmar da ka tarar umzäunen ce, wato kewayewa da shinge, ka cire ɗafa-goshi um da ɗafa-ƙeya en, ka mayar da äu zuwa au, sai ga Zaun. Idan Zaunkönig ce, sunan wani ɗan mitsitsin tsuntsu, ka raba ta biyu: Zaun da König, sarkin shinge. Kowane ɓangare da shafinsa.

Ɗige biyun da ke kan wasali kusan kullum daga baya suka zo, saboda wani i ko j da ke cikin gaɓar baya a zamanin dā. Siffar da ba ta da ɗige ita za ka bi.

Mataki na 3: Ka koma baya cikin Jamusancin kansa

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ɗauki kalmar Jamusancin yau ya ajiye ta kusa da ta Ingilishin yau ya ce ai sun yi kama. Jika da jika ne ka haɗa, kuma jikoki kan canza kamanni. Ka nemo iyaye tukuna.

An saba raba tarihin Jamusanci kashi huɗu: tsohon Jamusanci daga wajen 750 zuwa 1050, na tsakiya daga 1050 zuwa 1350, farkon na zamani daga 1350 zuwa 1650, sai na yanzu. Fassarar Baibul ta Martin Luther, wadda ta fito cikakkiya a 1534, tana cikin kashi na uku. Ka duba abin da ke bayan mhd. da ahd. Ga kalmarmu, dukansu biyu zûn za ka gani. Wasu ƙamusoshin suna sa 'yar hula a kan u, wasu 'yar sanda a kwance, duk ma'anarsu ɗaya: wasalin dogo ne. Ka rubuta tsuun a gefe don tuna furucin.

Tun a nan ka ci riba. Tagwan wasalin au da ke cikin Zaun ba na asali ba ne, dogon u ne ya rikiɗe.

Mataki na 4: Ka mayar da baƙaƙen yadda suke

A nan zuciyar aikin take, don haka zan ɗan daɗe.

Tsakanin wajen ƙarni na 6 da na 8, mutanen kudanci da tsakiyar ƙasar da ake kira Jamus yanzu suka sauya yadda suke furta wasu baƙaƙe. Mutanen arewa ba su bi su ba, haka mutanen Holan da Ingila da Sikandinabiya. Jamusancin makaranta da jarida daga na kudu da tsakiya ya fito, shi ya sa ya zama saniyar ware a cikin dangi. Har yau masana na nuna iyakar wannan sauyi a taswira, layin Benrath, wanda ya ratsa kusa da Düsseldorf: a arewacinsa ana cewa maken, a kudancinsa machen.

Abin da ya sa sauyin ke da amfani gare mu shi ne ba ya zaɓen kalma. Duk inda sautin ya faɗo a irin matsayi ɗaya, sai ya sauya. Ga waɗanda za ka haddace, na Ingilishi a farko, na Jamusanci a biye:

t a farkon kalma ya koma z: ten da zehn, tongue da Zunge, tide da Zeit, tin da Zinn.
t bayan wasali ya koma ss: water da Wasser, eat da essen.
p ya koma pf ko f: apple da Apfel, ship da Schiff, sleep da schlafen.
k bayan wasali ya koma ch: make da machen, book da Buch.
d ya koma t: day da Tag, door da Tür.
th ya koma d (wannan kam har Holanci da Jamusancin arewa sun yi shi): three da drei, thing da Ding, thorn da Dorn.

Yanzu ka juya dokar baya. Kalmarmu zûn ce, z a farko. To a harsunan da ba su yi sauyin ba, t ya kamata a gani. Ka rubuta tûn a littafinka, ka sa alamar tambaya, kafin ka buɗe ko wane ƙamus. Ina nacewa kan wannan: ka yi hasashe tukuna, sannan ka duba. Idan ka fara dubawa, ƙamus ne ya yi aikin, kai kwafa kawai ka yi, kuma gobe in ka haɗu da kalmar da ba ta ciki sai ka tsaya cik.

Sai ka buɗe ƙamus na tsohon Ingilishi. Ga ta nan, tūn. Ka duba Jamusancin arewa, wanda ake kira Plattdeutsch: Tuun, kuma har yau shinge take nufi. Ranar da na fara ganin hasashena ya fito daidai a shafin ƙamus, daga ranar ban sake kallon wannan aiki a matsayin hadda ba.

Hattara da abu ɗaya. Ba kowane z na Jamusanci ne ya fito daga t ba. Kalmomi irin su Zitrone da Zirkus da Zentrum aro ne daga wasu harsuna, z ɗinsu daga c na rubutun Latin ya samo asali. Idan ka juya dokar ka rasa ɗan'uwa mai t ko'ina, ka fara zargin aro.

Mataki na 5: Ka gwada wasulan

Masu farawa kan ce baƙaƙe sun dace, shi ke nan. Bai isa ba. Wasula ma suna da ƙa'ida, kuma su ne ke kama ɓarawo.

Tsohon dogon u ya bi hanya sananniya a kowane harshe. A Jamusanci ya zama au, a Holanci ui, a Ingilishi ou ko ow. Dubi jerin: Haus, huis, house. Maus, muis, mouse. Braun, bruin, brown. To Zaun fa? Tuin, town. Ta shiga layi ba tare da an tura ta ba. Harshen Suwidin bai taɓa rikiɗa wasalin zuwa tagwaye ba, har yau hus, mus, brun suke rubutawa, kuma a karin harshen Sikotlan za ka ji toon da hoose.

Wani abin lura, Haus da house kusan furuci ɗaya gare su a yau, amma ba tare suka iso nan ba. Na Jamusanci ya faro daga kudu maso gabas tun wajen ƙarni na 12, na Ingilishi kuwa daga wajen 1400 ya fara. Kowanne da hanyarsa, suka haɗu a mararraba.

Ga tarkon da nake gwada duk wanda nake koya wa. Akwai kalmar Zaum, wato linzami. Harafi ɗaya ne ya raba ta da Zaun, kuma ma'anar ma tana jan hankali, tunda shinge da linzami duk tsare dabba suke yi. Mutum sai ya ce 'yan uwa ne. Koma mataki na 3: tsohuwar siffar Zaum ita ce zoum, da ou, ba dogon u ba. Wannan au ɗin na wani gida ne, kuma jerinsa daban: Baum, boom, beam. Traum, droom, dream. Don haka Zaum 'yar uwar toom ce a Holanci, da team a Ingilishi, wadda a dā take nufin dabbobin da aka ɗaure tare suna jan kaya. Tushenta na wajen ja ne, dangin ziehen. Jamusancin yau ya haɗe au biyu wuri guda, Holanci da Ingilishi ne suka riƙe bambancin. Saboda haka duk kalmar da ke da au, ka nemi ta Holanci kafin ka yanke hukunci.

Mataki na 6: Ka tattaro dangi, kowa da ma'anarsa

Yanzu ka cika layukan shafinka. Ka fara da na kusa, Jamusancin arewa da Holanci da Ingilishi, sannan na Sikandinabiya. Harshen Got shi ne mafi tsufan rubutu mai tsawo a dangin, daga fassarar Baibul ta Wulfila a ƙarni na 4, amma abin da ya rage daga cikinta kaɗan ne, kalmomi da yawa ba sa ciki. Rashin kalma a can ba ya rushe komai.

Abin da za ka samu ga kalmarmu ke nan. A Holanci tuin lambu ne, haka ma a harshen Afirkans na Afirka ta Kudu, wanda daga Holanci ya fito. Amma a Holancin tsakiyar zamani tuun shingen saƙaƙƙen itace ne, kuma akwai tsohon tambarin nan da ake kira Hollandse tuin, inda ake zana zaki ko budurwa a tsakiyar kewayayyen shinge. A harshen Aislan tún fili ne na ciyawa da ke kewaye da gidan gona. A harshen Norwe tun farfajiyar da ke tsakanin gine-ginen gidan gona ce. A Suwidin kalmar ta fi rayuwa cikin sunayen garuruwa, kamar Sigtuna da Eskilstuna.

Ingilishi ne ya fi ba da labari, kuma nan nake ba ka shawara ka daɗe. A tsohon Ingilishi tūn na nufin kewayayyen wuri, sannan gidan gona, sannan ƙauye. Akwai æppeltūn, lambun tuffa, wanda ya nuna Ingilishi ma ya taɓa riƙe ma'anar da Holanci ke riƙe da ita yau. Sunayen wurare masu ƙarewa da ton sun cika Ingila: Kingston gonar sarki, Preston gonar limaman coci, Appleton kuma ka riga ka san ta. Yawancinsu ƙauyuka ne sa'ad da aka raɗa musu suna. Daga baya ne kalmar ta girma ta zama gari.

Kada ka rubuta ma'ana ɗaya tak ga tsohuwar kalma. Ka kwashe duk waɗanda ƙamus ya bayar, da zamaninsu.

Mataki na 7: Ka jera ma'anonin, ka nemo hanyar da suka bi

Sauti yana da doka, ma'ana ba ta da irin wannan dokar, amma tana da hanyoyin da ta saba bi. Ɗaya daga ciki ita ce sunan abin da ya kewaye ya koma kan abin da aka kewaye. Jamusanci ya tsaya a kan shingen. Holanci ya shiga ciki ya ɗauki shukar. Aislan da Norwe suka ɗauki filin gida. Ingilishi ya ɗauki gidan, ya ƙara da maƙwabta, har ya kai gari.

Ba a yarda da irin wannan bayani don yana da daɗin ji. Ka nemo wata kalmar da ta bi hanya iri ɗaya. Akwai su. Hag a Jamusanci shingen itatuwa ne, 'yar uwar hedge, kuma ita ce a cikin sunan birnin Den Haag na Holan, wanda cikakken sunansa ke nufin kewayen basarake. Garten da garden da yard duk daga ma'anar kewaye suka fito, kuma masana na danganta su da gorod da grad na harsunan Silab, wato dangin Rashanci, wanda ke cikin sunayen biranen Novgorod da Belgrad. Mu ma abin ba baƙo ba ne a kunnenmu: ganuwa ce ke mai da gari birni, kuma garka ba ta amsa sunanta sai an kewaye ta. Wannan misali na Hausa yana taimaka maka ka gane tunanin, bai zama hujjar dangantaka ba.

Wani lokaci siffa ba ta sauya ko kaɗan, ma'ana ce ke yin nisa. Gift a Jamusanci guba ce, a Ingilishi kyauta. Duk daga aikatau na bayarwa suka fito, geben da give. Jamusanci ya bi ta hanyar sakaya zance, abin da aka ba mutum ya sha, kamar yadda dosis ta Girkanci ke nufin bayarwa kuma take nufin awon magani. Tsohuwar ma'anar ta tsira a Mitgift, dukiyar da amarya ke tafiya da ita gidan miji. A harshen Suwidin gift na nufin guba, kuma tana nufin mai aure. Idan ka haɗu da irin wannan, harɗaɗɗun kalmomi za ka tona, a can tsohuwar ma'ana ke ɓuya.

Mataki na 8: Gado ne ko aro?

Da ka tara dangi, ƙamus zai ba ka siffa mai tauraro a gabanta, kamar *tūna-. Tauraron na nufin ba a taɓa samun ta a rubuce ba, masana ne suka gina ta daga kwatanta 'ya'yanta. Duk sanda ka kwafa, ka kwafa da tauraron. Cire shi ƙarya ce, ko da ba ka yi niyya ba.

Don fita waje da dangin Jamusanci kana bukatar wata doka da ta girmi ta mataki na 4 nesa ba kusa ba. Rasmus Rask ɗan Denmak ya lura da ita a 1818, Jacob Grimm ya tsara ta a 1822, kuma da sunan Grimm aka san ta. Abin da ya shafe mu a ciki shi ne tsohon d ya zama t: decem na Latin, ten, zehn. Duo, two, zwei. Ka ga matakala uku ke nan, d sai t sai z.

Juya ta baya: tūn ya kamata ta dace da dūn a waje. Kuma akwai ta a harsunan Kelt, wato dangin harshen Ailan. A tsohon harshen Ailan dún kagara ce, wuri mai kariya, ita ce a farkon sunan garin Donegal na ƙasar Ailan. A bakin mutanen Gol na dā, Keltawan yankin da Faransa take yanzu, ta fito a sunayen garuruwa da Rumawa suka rubuta da dunum: Lugdunum ita ce Lyon ta Faransa, Cambodunum ita ce Kempten ta kudancin Jamus. Masana da yawa na ganin kakannin Jamusawa sun aro kalmar daga Kelt, wasu na ganin gadon kaka ɗaya ne. Idan aro ce, to tun kafin d ya koma t aka are ta, in ba haka ba da d za ta zauna. Ka rubuta ra'ayoyin biyu. Ni na fi karkata ga aro, domin a wancan zamani mutanen Kelt ne suka yi fice wajen gina garuruwa masu kariya a kan tuddai, kuma mai abu shi ke ba da suna. Amma a shafina na rubuta cewa karkata ce.

Ta ɗaya gefen kuma, Rashanci na da tyn, shingen sanduna. Tana da t, ba d ba, alhali harsunan Silab ba su yi sauyin Grimm ba. Wannan t ɗin shi ya tona asiri: daga bakin dangin Jamusawa aka karɓe ta. Haka ake gane wanda ya ba wani, da sautin da bai kamata a ce yana wurin ba.

Mataki na 9: Ka tace kamannin banza

Kusan duk Bahaushen da na nuna wa Zaun, sai ya ce ai ga zauna, ga zaure, ga zana da muke shinge da ita. Na fahimci daɗin abin, amma mu gwada shi da ma'aunin da muka gwada sauran. Zaun dai tūn ce a asali, babu z, babu au. Zauna kuwa, je ka Sakkwato ka ji: zamna suke cewa, kuma ita ce tsohuwar siffa, dangin zama. Haka sabka ta zama sauka, abduga ta zama auduga a bakin Kanawa. Wani masani Bajamushe, August Klingenheben, shi ya bayyana wannan ƙa'ida ta Hausa tun a shekarun 1920, har ana kiran ta da sunansa. To ka ajiye tūn kusa da zamna ka gani ko akwai sauran kama. Da aka koma ga iyaye, sai kowa ya kama gabansa. Haka Hand da hannu: Hausa tana cikin harsunan Cadi, Jamusanci na wani gida dabam, kuma kalma ɗaya da ta yi kama ba ta ƙulla zumunta.

Ko tsakanin harsunan da ke dangi na gaskiya ana faɗawa wannan rami. Haben ta Jamusanci da habere ta Latin duk mallaka suke nufi, kuma kamar an tsaga kara. Amma bisa dokar Grimm h na Jamusanci da c na Latin yake dacewa, kamar Herz da cor, Hund da canis. 'Yar uwar haben ita ce capere, kamawa.

Ma'aunina shi ne, kafin in amince da dacewar sauti, sai na kawo wasu kalmomi uku da suka yi irin wannan dacewar. Idan na kasa, na bar alamar tambaya a wurin.

Mataki na 10: Ka rubuta sakamakon a taƙaice

A ƙasan shafin ka rubuta layi biyar ko shida da kalmominka, da ranar da ka yi aikin da sunan ƙamus ɗin da ka duba, don in ka dawo bayan shekara ka san inda ka samo kowane abu. Nawa ga yadda yake: Zaun, namiji, shinge. Tsohon Jamusanci da na tsakiya zûn. Z daga t, au daga dogon u. Dangi: Tuun shinge, tuin lambu, town gari, tún filin ciyawa, tun farfajiya. Siffar da aka gina *tūna-, kewaye. Ta dace da dūn na Kelt, wataƙila aro. Rashanci ya are ta. Ba ta da alaƙa da Zaum.

Idan kuɗin data ya yi maka ƙaranci, ka tara kalmomi biyar, ka yi matakai na 1, 2, 4 da 5 a takarda ba tare da intanet ba, sannan ka hau sau ɗaya ka ɗauki hoton shafukan ƙamus ka karanta a natse. Idan kuma kalmar ba ta cikin Pfeifer, ka nemi 'yar uwarta ta Holanci ko ta Ingilishi da ka yi hasashe, sau da yawa ƙamus ɗinsu zai ambaci ta Jamusancin.

Kalmar da zan ba ka ka fara da ita ita ce Zimmer, ɗaki. Juya z ɗin, ka rubuta hasashenka, sannan ka duba abin da kafintan Holan ke yi in an ce yana timmeren, da abin da Baturen Ingila ke saye in ya je neman timber. Bayanta ka ɗauki Tier, wadda ke nufin kowace dabba a Jamusanci, ka mayar da t ɗinta d, ka ga wace dabba guda ɗaya Ingilishi ya bar wa sunan.